Yadda Ake Shirya Biki Idan Ɗan Sikh da Bafaranshiya Za Su Yi Aure a Faransa

Auren ɗan Sikh da Bafaranshiya, ko Bafaranshe da 'yar Sikh, ba a wajen kaya ko kiɗa yake cije wa mutane ba. Inda ake samun tangarɗa shi ne wajen sanin abin da za a fara yi da wanda za a fara tambaya. Da yawa kan kama katafaren gidan biki a ƙauyukan Faransa, su biya kafin alƙalami, su buga katin gayyata, sai daga baya su doshi gurdwara, wato wurin ibadar 'yan Sikh, a ce musu abin da suka tsara ba zai yiwu ba. Shawarata ita ce kada a dama al'adun biyu wuri guda. A ba kowacce lokacinta da wurinta, a yi ta cikakkiya, sannan a haɗu a wajen cin abinci da rawa.

Mu da muka tashi da kallon finafinan Indiya mun saba ganin ango da amarya suna zagaya wuta. Wannan auren Hindu ne. 'Yan Sikh ba sa zagaya wuta, littafinsu mai suna Guru Granth Sahib suke zagayawa sau huɗu. Addinin ya faro ne daga Guru Nanak, wanda aka haifa a yankin Panjab a 1469, kuma tun 1708 mabiyansa suke ɗaukar littafin nan a matsayin jagoransu mai rai. Duk wata ƙa'ida da za ta zo a ƙasa daga nan ta samo asali.

Mataki na farko: a je gurdwara kafin a je ko'ina

Ɗaurin auren Sikh sunansa Anand Karaj. Kundin ƙa'idojin addinin, Sikh Rehat Maryada, wanda aka amince da shi a 1945, ya faɗa ƙarara cewa ba a ɗaura wa mabiyin wani addini aure ta wannan hanya. Akal Takht, babbar kujerar hukunci ta addinin da ke Amritsar, ta sake jaddada haka a 2007. Maganar ba ta tsaya a takarda ba: a watan Satumbar 2016 wasu matasa suka mamaye gurdwarar Leamington Spa a Ingila don hana wani auren gauraye, har 'yan sanda suka kama mutum 55. Babu amaryar da za ta so ta tarar da irin wannan a ranar aurenta.

Don haka ku je tare, ku biyu, da wani babba daga dangin Sikh ɗin, ku zauna da kwamitin gurdwara da granthi, mai karatun littafin. A Faransa 'yan Sikh ba su da yawa, kuma galibinsu suna arewa maso gabashin Faris, a Seine-Saint-Denis. Babbar gurdwararsu, Singh Sabha, tana Bobigny. Ku tambaye su kai tsaye: me kuke yarda da shi idan ɗayanmu ba Sikh ba ne? Kowace gurdwara da kwamitinta, kuma amsar wata ba ta ɗaure wata.

Hanya biyu ce a gabanku. Idan wanda ba Sikh ba ya yi karatu ya gamsu, ya karɓi addinin da zuciya ɗaya, za a yi Anand Karaj, kuma yawanci za a nemi ya ɗauki sunan Singh idan namiji ne, ko Kaur idan mace ce. Idan kuwa yana riƙe da addininsa, ko ba ya bin kowane, to kada a tilasta masa faɗin abin da bai yarda da shi ba don kawai a samu hoto. Ni a ganina wannan cin mutuncin ɓangarorin biyu ne. Akwai mafita mai daraja: bayan auren hukuma sai a shirya karatun Sukhmani Sahib da waƙoƙin yabo da addu'ar Ardas a gurdwara don neman albarka. Iyalin da ke da hali suna iya sa a yi Akhand Path, wato karance littafin gaba ɗaya, shafi 1430, ba tsayawa, cikin kusan awa 48. Dangi za su taru, za a ci abinci, kakanni za su ga an girmama su, kuma ba a keta ƙa'idar kowa ba.

Abu na biyu da za a cire rai daga kansa shi ne ɗauko littafin zuwa lambun gidan biki. Tun 1998 Akal Takht ta hana kai shi otal da zauren biki, a watan Oktoban 2023 kuma ta ƙara da bakin teku da wuraren shaƙatawa. Dalilin a fili yake: wurare ne da ake shan giya da taba, ana shiga da takalmi.

Idan dangin Faransa 'yan Katolika ne kuma suna son a shiga coci, limaminsu zai nemo izini na musamman daga bishof don auren wanda ba a yi wa baftisma ba. Shi ma yana cin watanni, a fara da wuri.

Mataki na biyu: ofishin magajin gari

A Faransa aure ɗaya ne doka ta sani, wanda magajin gari ko mataimakinsa ya ɗaura. Haka abin yake tun 1792. Kuma dole shi ne zai riga na addini: malamin addinin da ya mayar da ɗaura aure ba tare da ganin takardar hukuma ba al'adarsa yana fuskantar ɗauri da tarar Yuro 7,500. Kada ku yi mamaki idan gurdwara ta nemi ganin takardar.

Ba kowane gari za ku zaɓa ba. Sai inda ɗayanku, ko ɗaya daga cikin iyayenku, yake da gida, ko ya zauna aƙalla wata guda a jere. Ga abin da za a nema: katin shaida, shaidar wurin zama, bayanan shaidu, da takardar haihuwa wadda ba ta wuce wata 3 da fitarwa ba idan ta Faransa ce, ko wata 6 idan daga waje ta zo. Wanda ba ɗan ƙasa ba zai ƙara da takardar da ke nuna ba shi da aure, da wadda ake kira certificat de coutume, mai bayanin dokar aure ta ƙasarsa. Takardun Indiya sai an buga musu hatimin apostille, sannan mai fassara da kotun Faransa ta rantsar ya juya su zuwa Faransanci. A lura da lissafin nan da kyau, domin wanda ya yi gaggawar karɓo takardar haihuwa daga Panjab zai iya tarar da wa'adinta ya ƙare kafin ya miƙa ta.

Jami'in na iya kiran ku ganawa, tare ko ɗaya bayan ɗaya, don ya tabbatar auren na gaskiya ne ba na neman takardar zama ba. Bayan nan za a liƙa sanarwar auren a ƙofar ofishin har kwana 10, kuma dole a ɗaura shi cikin shekara guda. Shaidu daga 2 zuwa 4 ake so, kowanne ya kai shekara 18, mace ko namiji, ɗan ko wace ƙasa. Wannan dama ce mai kyau: a ɗauko biyu daga kowane gida. Idan ɗayan ma'auratan ba ya jin Faransanci sai a tanadi tafinta.

Rawani ba matsala ba ne a zauren. Dokar 2004 da ta hana sa alamun addini, wadda ta taɓa yaran Sikh sosai, ta shafi ɗaliban makarantun gwamnati ne, ba ango a gaban magajin gari ba. Sai dai fuska ta kasance a buɗe, saboda haka sehra, labulen duwatsu ko furanni da ango ke saukewa a fuska, a bar shi sai wani lokaci. Kirpan kuma, wuƙar da cikakken ɗan Sikh ba ya rabuwa da ita, a yi maganarta da ofishin tun kafin ranar, domin dokar Faransa tana da tsauri kan yawo da wuƙa. Masu zuwa ta jirgi su sa ta a jakar da ake aunawa.

Akwai abin da masoya ba sa son ji amma yana da amfani. Idan ba ku rubuta yarjejeniya a gaban notaire ba, doka za ta ɗauka duk abin da kuka samu bayan aure na ku biyu ne, abin da kowa ya zo da shi da gado da kyauta kuma nasa ne. Iyalin da ke da gona a Panjab ko kasuwanci a Faransa su zauna da notaire kafin ranar.

Mataki na uku: rana, wuri da biza

Addinin Sikh bai yarda da duba taurari don zaɓen ranar aure ba, haka ma bai yarda da ɗora wa iyayen amarya dukiyar aure ba, saboda haka kalanda a hannunku take. A guji watan Agusta, lokacin da Faransawa ke watsewa hutu, da tsakiyar Afrilu, lokacin bikin Vaisakhi da Bobigny ke cika maƙil. Lahadi ma gurdwara tana da taronta na mako. Tsarin da na fi gani da sauƙi shi ne: Alhamis lalle da waƙe-waƙe, Juma'a da yamma ofishin magajin gari, Asabar da safe gurdwara, Asabar da dare liyafa, Lahadi karin kumallo na bankwana. Masu cusa auren hukuma da na gurdwara a safiya guda suna jefa amarya cikin sauya kaya a gurguje da cunkoson motocin Faris.

Wajen kama gidan biki, a yi tambaya huɗu kafin a sa hannu: mutum nawa yake ɗauka, an yarda a kawo mai dafa abinci daga waje, ƙarfe nawa ake kashe kiɗa, kuma za a iya buga dhol a fili? Gidaje da yawa a Faransa suna tilasta wa mutum mai kwangilar abincinsu, wanda bai taɓa dafa dal ba. Yawan baƙi ma a daidaita shi tun farko, domin abin da dangin Faransa ke kira babban biki, a wajen dangin Panjab 'yan uwa na kusa ne kawai. Al'adar Faransa ta kawo sauƙi a nan, don an saba gayyatar mutane da yawa zuwa vin d'honneur, 'yar walimar tsaye da ake yi bayan ɗaurin aure, a keɓe cin abincin dare ga na jiki. Gurdwara kuwa ƙofarta a buɗe take ga kowa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Dangin da za su zo daga Indiya suna bukatar bizar Schengen, wadda ake iya nema tun wata 6 kafin tafiya, da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Wanda zai sauka a gidan wani kuma, mai masaukin zai karɓo masa attestation d'accueil daga ofishin magajin gari. A fara da na kakanni da kawun amarya, don akwai aikin da babu mai yi sai shi.

Mataki na huɗu: kwanakin kafin aure

Waɗannan shagulgula na al'adar Panjab ne, ba na addini ba, kuma nan ne wurin da za a ja dangin Faransa ciki sosai. A maiyan, dangi kan shafa wa ango da amarya kwaɓin kurkum da garin wake da mai, ana riƙe da mayafin phulkari mai sirfani a kansu. A daren mehndi ana yi wa amarya ƙunshi har gwiwar hannu, 'yan uwa mata ma kowa ta samu rabonta. A jaggo mata kan ɗora tulun da aka ƙawata da fitilu a ka, suna miƙa wa juna, ana waƙoƙin zolaya tsakanin dangin uwa da na uba. A ɗora wa surukar Bafaranshiya tulun nan, a koya mata taku biyu na rawar giddha, za a ga yadda baƙunta ke gushewa.

Sai choora, jajaye da fararen awarwaro da kawun amarya, ɗan uwan mahaifiyarta, ke tsomawa a madara ya zura mata a hannu. Idan amaryar Bafaranshiya ce, a bayyana wa kawunta nauyin wannan matsayi, a ba shi ya yi da kansa.

Mataki na biyar: safiyar gurdwara

A aika wa baƙi ɗan bayani tare da katin gayyata, cikin Faransanci da Panjabi. Kowa zai cire takalmi, ya wanke hannu, ya rufe kansa, mace da namiji, kuma hular hana sallah ba ta wadatar ba, sai ƙyalle ko gyale. A sa kaya masu rufe kafaɗa da ƙafa waɗanda za a iya zama da su a ƙasa fiye da awa guda. Ba a miƙe ƙafa wajen littafin, ba a juya masa baya, ba a tafi. Taba ba ta shiga harabar ko da a aljihu ce, a bar ta a mota. Kofin shamfen da wasu Faransawa kan kurɓa yayin da amarya ke shiri da safe, ranar nan babu shi. Tsofaffin da ba sa iya zaman ƙasa a nema musu benci a gefe tun kafin ranar. Baƙon da addininsa bai yarda ya rusuna wa littafin ba ya shiga a natse ya zauna, babu mai tilasta masa.

Ango kan iso da tawagarsa da ganga, wani lokaci a kan farar goɗiya, wadda hawanta a titin Faransa sai da izinin hukumar gari. A ƙofar gurdwara ake milni: uba da uba, kawu da kawu, wa da wa, kowa ya rataya wa takwaransa furanni su rungumi juna. A rubuta jerin sunayen tun da wuri don kada wani baffa ya tsaya ba shi da abokin gaisawa. Daga nan sai shayi da samosa, sannan a shiga zaure, maza gefe guda mata gefe guda, masu waƙar yabo suna rerawa da hamoniyam da tabla.

Bayan addu'a, mahaifin amarya zai ɗauki bakin gyalen da ke kafaɗar ango ya damƙa a hannun 'yarsa. Wannan shi ne palla, kuma ya kamata a yi gwajinsa da uba Bafaranshe kwana ɗaya kafin nan. Sai granthi ya karanta baiti na farko na Laavan, baitoci huɗun da Guru Ram Das, jagora na huɗu, ya tsara. Mawaƙa su maimaita shi da rerawa, ango a gaba amarya na biye riƙe da gyalen, su zagaya littafin a hankali yana hannun damansu, su rusuna, su zauna. Haka har sau huɗu. Baiti na farko yana magana kan riƙe gaskiya a zaman iyali, na biyu kan rabuwa da tsoro da girman kai, na uku kan begen Ubangiji, na huɗu kan natsuwar saduwa da shi. A buga fassarar Faransanci a ƙaramin littafi a raba, domin mutumin da ya san abin da ake faɗa ba ya ƙosawa da zama. Mai ɗaukar hoto kuma a ja masa kunne: ba ya hawa dandamalin littafin, ba ya tsayar da zagaye don ya gyara haske.

A ƙarshe za a buɗe littafin a karanta abin da aka tarar a matsayin umarnin ranar, sannan a raba karah parshad, alkaki mai ɗumi na garin alkama da man shanu da sukari. Da hannu biyu ake karɓa. Daga nan kowa ya gangara langar, inda attajiri da talaka ke zama a layi ɗaya a ƙasa, a ci dal da chapati da ganye, babu nama. Yawanci ana gamawa kafin azahar.

Mataki na shida: abincin dare

Nan ne aka fi yin kuskure da kyakkyawar niyya. Mai shirya biki kan ce a sayo naman halal don a gamsar da kowa. Ga cikakken ɗan Sikh kuwa, naman da aka yanka ta hanyar ibada, wanda suke kira kutha, yana cikin manyan haramtattu huɗu, tare da aske gashi, zina da taba. Gidajen abincin Indiya da yawa a Faris da halal suke aiki, saboda haka a tambaya. Idan akwai Musulmi cikin baƙi a ware musu nasu, a rubuta a jikin kowane kwano abin da ke ciki. Mafi kwanciyar hankali shi ne a sa abincin da ba nama ya zama ginshiƙi, nama ya zama ƙari.

Da yawa daga 'yan Sikh da ba sa cin nama ba sa cin ƙwai ma. Ga shi kuwa croquembouche, dalar ƙananan cincin masu kirim da aka manne da narkakken sukari, wadda ita ce kek ɗin auren Faransa, da ƙwai ake yin ta. A kawo ta, don iyayen Faransa za su ji babu daɗi idan babu ita, amma a ajiye gulab jamun da barfi a gefenta. Cukun Faransa na gargajiya ma galibi da sinadarin tumbin ɗan maraƙi ake daskarar da shi, wasu kayan zaƙi kuma akwai jelatin.

Giya sai an zauna an yi magana. Addinin ya hana ta, ko da yake ana sha a bukukuwan Panjabawa da yawa, iyalin Faransa kuma suna ganin tebur babu giyar inabi bai cika ba. A tambayi iyayen Sikh ɗin abin da za su iya zama da shi. Idan an yarda a kawo, teburin dattawa ya kasance babu ita, a wadata shi da lassi da shayi mai citta da ruwan inabi mai kumfa marar sa maye, wurin masu shan taba kuma a kai shi nesa da ƙofa.

Faransawa kan zauna a tebur awa uku ko fiye, kwano na bin kwano, ana jawabai a tsakani. Panjabawa kuwa da jin dhol sun miƙe. A raba dare: a shigo da ma'aurata da ganga, a zauna cin abinci, a saka bhangra tsakanin babban kwano da cuku, a buɗe filin rawa da rawar ango da amarya irin ta Faransa, sannan a saki kowa. Wajen tsara kujeru a tabbata kowane tebur yana da mai jin harsuna biyu. Wanda zai yi jawabi kuma yana da tarihin da zai ɗauko: Janar Jean-François Allard, ɗan Saint-Tropez, ya isa Lahore a 1822 ya yi wa Maharaja Ranjit Singh aiki, kuma sojojin Sikh suna cikin rundunar Indiya da ta sauka Marseille a 1914 ta yi yaƙi a Neuve-Chapelle a 1915.

Batun kaya gajere ne. Amarya ta sa farar riga a ofishin magajin gari, ja ko ruwan hoda a gurdwara. Baƙi su bar fari a kwanakin biyu, don a Faransa na amarya ne, a Panjab kuma an fi danganta shi da makoki.

Mataki na bakwai: kyauta da rakiya

Al'adun biyu sun yarda da kuɗi a ambulan. Faransawa kan jefa a akwatin da aka ajiye a bakin zaure, Panjabawa kan miƙa shagun hannu da hannu, da ɗaya a kan adadin, kamar 51 ko 101. A wakilta mutum guda amintacce ya riƙa tattarawa yana rubutawa. Baƙi kuma su tafi da dragées, ƙwayar almon mai rufin sukari guda biyar, tare da kwalin alewar Panjab.

Doli, rakiyar amarya, inda take watsa shinkafa ta bayan kanta tana barin gidan iyaye, a yi ta da yammacin Asabar kafin liyafa, ko a bar ta sai Lahadi. A gaya wa dangin Faransa tun farko cewa za a yi kuka sosai, kuma ba alamar an yi wa kowa laifi ba ne. Littafin iyali da magajin gari ya ba ku, livret de famille, a adana shi tare da kwafi da yawa na takardar aure, domin da su za a nemi takardar zaman wanda ba ɗan ƙasa ba, kuma a cikin littafin za a rubuta sunayen 'ya'ya.